Hayaƙin Gizo

Iya, tun da muka binne ki ba a yi tatsuniya a gidan nan ba. Yau ni zan maido miki da taki. Ga ta nan, ga ta gare ki. Babu mai amsawa, to, ta zo mu ji ta.

Gizo ya yi sharar gona, ya tara kara ya cinna wuta. Sai ya ga hayaƙin yana shigewa cikin itatuwa ukun da ke gonar. Ya ce wa matarsa, "Ƙoƙi, ana mana sata."

"Satar hayaƙi? Miya za ka kaɗa da shi?"

"In ba shi da amfani, me ya sa suke ɓoyewa?"

Ya je wurin gawo. "Kai mai tuɓe riga da damina, ina hayaƙina?"

"Yana cikin saiwata, Malam Gizo. Bar shi nan, ya fi maka."

Ya je wurin ɗorawa. Ta ce, "Yana cikin kututturena."

Ya je wurin kanya. Ta ce, "Ganye na yi da shi, ganyen ya zube ya shige ƙasarka."

Gizo ya ce, "Kowa da maɓoyarsa! Kun haɗa baki ke nan."

Ya sare su, ya tone saiwoyin, ya banka musu wuta. Hayaƙin shekara da shekaru ya fito, ya zauna bisa gonar baƙi ƙirin.

Hadari ya taso, ya shaƙa, ya yi tari, ya karkata dawa inda itatuwa iri-iri ke shanye nasu hayaƙin. Ya dawo, ya yi tari, ya wuce. Karo na uku ko leƙowa bai yi ba. Gero ya bushe a tsaye.

Ƙoƙi ta miƙa masa muciya. "Ga kayanka an maido maka, maigida. Tuƙa mana tuwo."

Nan kike cewa: kafin ku kira itace ɓarawo, ku tambayi abin da yake riƙe muku. Ƙungurus kan ɗan kusu.

Iya, Kawu Mati ya sare gawon gonarki ya yi gawayi, wai yana cinye wa gero taki. Jiya na ga toho a jikin kututturen, kore shar, bai kai yatsana ba. Na rufe shi da ƙaya. Kawu yana ta bina da ido, yana tambayar me ke kai ni gefen nan.

Ban gaya wa kowa ba tukuna.