Yadda Tunau Ya Shiga Rijiya ta Gefe

Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan farko na bazara, da hantsi, lokacin da inuwar mutum ta yi daidai da tsawonsa, rijiyar da mutanen Barmo suke haƙa a dajin Zangarma ta rufta da mutum biyu a ciki. Shekarar ta ɓace wa kowa, amma ranar da lokacin ba a taɓa saɓani a kansu ba.

Mutanen nan gida talatin da ɗaya ne. Sun baro tsohuwar ƙasarsu saboda rijiyoyinta sun yi ɗaci, suka yi wata biyu suna tafiya a bayan dattijonsu Barmo, har suka sauka a kan gaɓar wani busasshen rafi. Nan suka fara haƙa, taku ashirin daga bakin gaɓar. Kwana goma sha tara suna aiki, rijiya ta kai gaba shida, ruwan salkunansu ya kusa ƙarewa. Waɗanda ƙasa ta rufe 'yan'uwa ne, Nomau da ƙanensa Cindo, ƙwararrun mahaƙa duka biyun.

A wannan hantsin wani maharbi ya ɓullo daga yamma, shi kaɗai, da baka a kafaɗa da dagi a hannu. Sunansa Tunau. Shi ne wanda daga baya maroƙa suka riƙa yi wa kirari: Tunau mai dagi, kunne a ƙasa, baƙon da bai zauna ba. Kwana uku yana bin sawun dabgi, dabban nan mai haƙa rami yana cin gara, sawun kuma ya kawo shi busasshen rafin. Kukan mata ne ya sa ya hau gaɓa.

Abin da ya tarar ya ɗaure masa kai. Ga ramin da ya rufta, ƙura ba ta gama kwanciya ba, amma ba mai haƙa. Maza suna jawo ƙaya suna kewaye wurin. Wasu suna ɗaure kaya a kan jakuna. A gindin wata kanya an zaunar da wata mace ana aske mata kai, ta ƙura wa ramin ido.

Tunau bai yi sallama ba. Ya kwanta rub da ciki a bakin ƙayar, ya manna kunnensa a ƙasa. An ce kunnen nan nasa yana jin numfashin dabgi daga gaba huɗu. Ya ji ƙwanƙwasa iri biyu, ɗaya mai nauyi a hankali, ɗaya mai sauri.

Ya miƙe ya ce, “Mutanenku suna da rai! Su biyu ne. Ina magirbi, ina kwanduna?”

Barmo ya taho yana dogara sanda, tsoho mai fara'a da taushin murya. Ya ce, “Maraba da baƙo. Sannu da rana. A kawo masa tabarma, a kawo masa ruwa.”

“Baba, ba ruwa nake nema ba. Na ce suna ƙwanƙwasa.”

“Mun ji, ɗan nan, mu ma da kunnuwanmu. Wanda ƙasa ta ɗauka yakan ƙwanƙwasa. Sallama yake yi wa nasa. Yaya hanya? Yaya mutanen gida?”

Nan Tunau ya gane al'adarsu. A wurin mutanen Barmo, idan rijiya ta rufta da mutum, ƙasar ce ta ƙi su, ta kuma ɗauki rabonta. Ba a taɓa rabon ƙasa. A kewaye wurin da ƙaya, a aske wa matar mamaci kai, a raba kayansa, a tashi kafin rana ta faɗi. Haka suka gada, kuma ba mugunta ce ta sa su ba. Suna kuka da gaske, suna ɗaure kaya da gaske.

Ya roƙe su, ya yi musu bayani, ya kama hannun wani ƙato ya ce ya zo ya sa kunne. Ƙaton ya fizge hannunsa. Duk abin da Tunau ya faɗa, sai Barmo ya gyaɗa kai ya sake tura masa ƙwaryar ruwa, wadda ita ce kusan ta ƙarshe a zangon, domin ba a yi wa baƙo magana mai nauyi sai ya jiƙa maƙogwaro. Har aka tara dattawa biyar su duba maganarsa, kowannensu sai da ya fara da gaisuwa. Tunau yana tsaye yana kallon inuwarsa tana gajarcewa. Daga hantsi har rana ta take tsaka ana wannan.

Daga ƙarshe ya ce, “Baba, rabon ƙasar nan, ina iyakarsa?”

“Inda ƙaya ta tsaya.”

“Bayan ƙaya fa?”

“Bayan ƙaya daji ne, ba namu ba ne. Amma ba mai ba ka igiya ko kwando. Hannunmu ba ya ciki.”

Tunau ya ajiye ƙwaryar bai sha ba, ya gangara cikin rafin. Dama ko an bar shi ba zai haƙa ta sama ba. Mai neman dabgi ba ya bin bakin rami, domin ƙasar da ya tona a kan dabban take zuba. Ta gefe ake tarar sa. Ya bi gaɓar yana ƙwanƙwasa da gindin dagi yana saurare, har ya zo daidai da rijiyar. A nan, a gindin gaɓa, ya ga bakin ramin dabgin da yake bi, ramin kuma ya miƙe ciki sosai, ya nufi rijiyar.

Yana durƙusawa sai dabgin ya fito. Dabgi ba ya fita da rana, kowane maharbi ya san haka. Wannan ya fito da tsakar rana, ya tsaya ya dubi Tunau, ya raɓa ta gefensa ya tafi abinsa. Kwana uku yana neman dabban nan, ga shi a tsawon hannu, bai ko taɓa kwarinsa ba. Shi ya sa har yau zuriyarsa ba sa cin naman dabgi.

Ya shiga da jan ciki. Ramin ya kai shi taku goma sha biyu, ya tsaya. Saura takwas, kuma ƙasar da zai tona ba ta da wurin zuwa sai baya. Ya fito yana tura ta da ƙafa, ya koma, ya sake fitowa. Ya ga in shi kaɗai ne, sai gobe. Ya ɗaga kai ya dubi gaɓa, ga maza fiye da arba'in a jere suna kallonsa kamar masu kallon dambe.

“Ku ba ku da hannu ne?” in ji shi.

Sai ga mace tana gangarowa, rabin kanta a aske, rabi da kitso, da ƙwaryar tuwo babba a hannu. Gwamma ce, matar Nomau. Mai askin tana kiranta daga sama, ba ta waiwaya ba.

Ta ce, “Maharbi, ƙwanƙwasa mai nauyin nan, ta maigidana ce. Haka yake buga ƙofa. Nuna mini abin da zan yi.”

Suna cikin haka wani Bafillace ya biyo rafin da shanu tara da bijimi ɗaya. Sunansa Yero. Ya ji labarin ana haƙa rijiya, ya zo ya ga ko shanunsa za su samu. Bai san kowa a wurin ba. Ya dubi mutanen gaɓa, ya dubi ƙafafun Tunau da suka leƙo daga rami.

Ya ce, “Kai Kaɗo, ɓera kake nema, ko hankalinka ne ya faɗa ciki?”

Tunau ya amsa daga ciki, “Mutane biyu ne a binne. In kana da igiya kawo, in surutu ka kawo wuce.”

Yero ya kwance igiyar ɗaure maruƙa. Ya cire fatar da yake kwana a kai, suka huda gefenta suka ɗaura. Tunau yana tona yana tara ƙasa a kan fatar, in ta cika ya ja igiya, Yero ya kora bijimi ya jawo ta waje, Gwamma ta kwashe da ƙwarya. Da haka aikin ya kankama. Iskar ramin ta yi nauyi, ƙasa tana shiga bakinsa, faratansa biyu suka cire. Kowane taku sai ya dakata ya sa kunne.

A taku na huɗu yana jin duka biyun. A taku na shida ya saurara, ya sake saurarawa. Mai saurin tana nan. Mai nauyin ta yi shiru. Da ya fito shan iska Gwamma ta dube shi, ya sunkuyar da kai ya koma ciki.

Da la'asar dagi ya huda. Wani hannu ya kama ƙarfen ta can, ya riƙe gam. Tunau ya faɗaɗa hudar da hannunsa, ya ga yadda abin ya kasance. Wani falalen marmara ne ya ɓalle daga bangon rijiyar, Nomau ya tare shi da bayansa a durƙushe, ƙanensa yana ƙarƙashinsa. Tunau ya jawo Cindo da ƙyar, ƙafarsa ta hagu a karye, yana numfashi. Ya koma, ya tokare dutsen da dagi, ya jawo Nomau. Jikinsa da ɗumi har a lokacin. Daga gwiwa zuwa ƙasa kuwa a jiƙe yake sharkaf, domin a daidai lokacin da bango ya ɓalle sun riga sun taɓo ruwa.

Tunau ya zauna a kan yashi kusa da gawar. Ya lissafa a ransa, ya sake lissafawa: tsakanin shirun Nomau da hudar dagi bai kai rabin lokacin da aka ɓata ana gaisuwa ba. An ce har ya tsufa bai bar wannan lissafi ba.

Ya saɓi Cindo ya hau gaɓa da shi, ya kwantar da shi a gaban Barmo. Mutane suka ja da baya, mata suka rufe idon 'ya'yansu.

“Baba, ga ɗanku. Kuma akwai ruwa a ƙasa, mai daɗi, na ɗanɗana. Ku sauke kaya.”

Barmo bai dubi Cindo ba. Hawaye yana bin gemunsa ya ce, “Baƙo, ka sha wahala, mun gode. Amma Cindo ya riga ya tafi tun da hantsi. Mun yi kukansa, mun raba kayansa. Wannan na ƙasa ne, kai ka ƙwace mata, tsakaninku ne.”

Cindo ya ɗaga kai ya ce, “Kawu, ni ne fa. Ga rigata can a jikin Jatau.”

Ba wanda ya amsa masa, domin ba a amsa wa wanda ƙasa ta ɗauka.

Tunau ya ce, “To ruwan fa? Salkunanku babu komai. Daga nan zuwa ruwa na gaba kwana huɗu ne, ni na san dajin nan. Ko jarirai ku jiƙa wa baki.”

“Ruwan da ya ci mutum ba ma shan sa.”

Yero ya tofar da yawu ya ce, “Shanuna za su sha, su ba su da dattawa.”

Kafin rana ta faɗi mutanen Barmo suka kora jakunansu suka yi gabas, salkuna a bushe. Tunau ya bi su har bakin daji yana kwatanta musu hanyar da ta fi kusa da ruwa, Barmo yana gyaɗa kai yana godiya, suka ɗauki wata hanyar. An ce wasunsu sun isa wani wuri sun zauna. Ba a san ko nawa ba.

Tunau bai koma yamma ba, domin mai karyayyar ƙafa ba ya tafiya, shi kuma ba ya iya barinsa. Ya faɗaɗa ramin gefen, ya sassaƙa matakala goma sha bakwai a cikinsa. Garin da ya tashi a wurin shi ake kira Ramin Tunau. Rijiyarsa ba ta da baki ta sama, ba a taɓa zura mata guga ba. Ta gefe ake shiga, a sauka da tulu a kai, a ɗebo. A garin nan kuma, in aka yi kururuwar neman ceto, duk wanda ya tsaya gaisuwa yara ma dariya suke masa.

Ga waɗanda suka saura a gaɓar rafin ranar da ayarin ya tashi. Tunau maharbi. Cindo, wanda ya yi ɗingishi har ƙarshen ransa, bai kuma sake ganin danginsa ba. Gwamma, wadda ta ƙarasa askin da hannunta. Yero, da shanu tara da bijimi. Wata tsohuwa, Hakama, uwar mahaƙan biyu, wadda ba ta taɓa kiran sunan Nomau ba don shi ne ɗanta na fari, ba a kuma ga hawayenta a ranar ba. Ta zauna a gindin kanya ta ce ƙafa ce ke mata ciwo, su tafi za ta biyo su. Jaki ɗaya gurgu da ba wanda ya so. Sai Nomau, a kabarinsa gabas da kanyar, taku uku daga inda tsohuwar ta zauna.