Fuskar da Aka Rufe da Farar Ƙasa

Ku gyara zama, wannan gardama har yau mutanen Tudun Gwanki ba su gama ta ba.

A tsohuwar majami'arsu ta ƙasa akwai zanen Maryamu riƙe da jariri a jikin bango. Wanda ya zana, fuskar matarsa ya sa, wadda ta rasu wajen haihuwar ɗansu Ayuba. Ayuba ya tashi bai san wata fuskar uwa ba sai wannan. Yana can birni wajen aiki, samarin garin, masu rawar kan yi wa majami'ar shafe don Kirsimeti, suka bi bangon da farar ƙasa har zanen, wai ya yi duhu. Kowace shekara kuma sai an ƙara. Da Ayuba ya dawo ya tsufa, ga bangon ya tsage, dattawa sun ce a rushe. Abin ya ci masa rai ƙwarai.

Ranar rushewa, Rifkatu, wadda ta yi sharar majami'ar tun tana budurwa, ta shimfiɗa tabarma a gindin bangon. Ta ce, "Daidai nan fuskar take, sama da kaina. Sai dai ku haɗa da ni." Ba wanda ya iya ɗaga diga.

Tanko magini, maƙwabcinsu Musulmi, ya zagaya ta baya ya tono gidan gara, ya tokare bangon, ya cike tsagar, ya gyara indararon da ke zubo ruwa. Ko yatsa bai sa wa fuskar bangon ba.

Sai Zakka, mai zanen manyan motoci, mutumin da bai san haƙuri ba. Shi ne ya zauna da tsinke da jiƙaƙƙiyar auduga yana ɓare farar ƙasa kamar mai ɓare ƙwai, har damina ta wuce. Inda launi ya ɓace, ya ƙi ƙara nasa.

Da idanun suka fito, Ayuba ya daɗe a tsaye. Ya ce, "Inna, sannu da zuwa." Ya fashe da kuka.

Sannan ya ɗauko ƙoƙon da mahaifinsa ke dama launi a ciki, ya ce na wanda ya dawo masa da uwarsa ne. Ƙoƙon ɗaya ne, su kuwa uku.

To jama'a, wa za a miƙa wa?