Kujerar Ministan Ruwa

An ce wai a wata ƙasa da majalisa ke naɗa shugaban gwamnati, ita kuma ke sauke shi, wata Laraba da hantsi ministoci biyu suka miƙe tsaye saboda kujera guda.

"Tamu ce, Alhaji," in ji Hajiya Tasalla, shugabar Jam'iyyar Garma. "Marigayin a yankinmu aka haife shi."

"Ku kun haife shi, mu muka ba shi ƙuri'a," in ji Alhaji Ɗankane na Jam'iyyar Fitila. "Hajiya, ma'aikatu huɗu ne a hannunku. Ko kura in ta ƙoshi takan bar ƙashi."

"To ɗauki ƙashin, ka bar mana kujerar."

Firayim Minista Barmo na zaune a ƙarshen tebur yana kallonsu. Zaɓe bai ba kowa rinjaye ba, shi ya sa jam'iyyarsa da waɗannan biyun suka haɗa gwamnati kamar duwatsun murhu: in ɗaya ya zame, tukunya ta kife. Kowannensu kuwa ya rantse in aka hana shi kujerar, zai janye 'yan majalisarsa kafin la'asar. Gwamnati ba za ta kwana ba.

Kujerar ta Malam Jatau ce, Ministan Ruwa, mutumin da ba ya cikin jam'iyyar kowa. Ran nan kwanansa arba'in da rasuwa.

Ga yadda abin ya kasance. Ministocin nan sha biyu, har da Barmo, suna da al'ada: ba a ɗaga hannu a ɗakin, don kada ɓaraka ta fito. Sai Barmo ya ce, "Akwai mai ja?" In an yi shiru, sakatare Malam Nalado ya rubuta, "Majalisar ministoci ta amince," ba sunan kowa. Da haka kowace jam'iyya ke komawa gida ta ce ba ita ba ce.

Da damina ta yi nisa madatsar ruwa ta cika, tana neman ɓallewa ta faɗa wa unguwar manya. Aka kawo shawarar a buɗe ƙofofinta ta gefen ƙauyen Rafin Kuka. Malam Jatau ya roƙi kwana biyu a kwashe mutane. Kowa ya dubi takardar gabansa. Barmo ya ce, "Ban da Malam, akwai mai ja?" Shiru. Aka buɗe. Malam Jatau ya tafi da kansa, ya shiga kwalekwale yana tsamo mutane. Ruwa ya ci mutum talatin da ɗaya, shi ne na talatin da biyu. Ba a ga gawarsa ba.

Tun daga ranar nan, kujerarsa ba ta bushe ba. An shanya ta a rana, an sake mata fata, har sabuwa aka kawo. Duk wadda aka ajiye a gurbin nan, kafin a buɗe taro ta jiƙe, da ɗan laka a ƙarƙashinta, ɗakin ya ɗauki ƙarnin rafi. Ba wanda ya taɓa ambatawa. An saba da shiru.

Abin da Barmo ya lura da shi ke nan: masu rigimar suna tsaye, ɗaya dama da kujerar ɗaya hagu, amma ba wanda ko rigarsa ta taɓa ta.

Ya ɗaga hannu, suka yi tsit.

Ya ce, "Na ji hujjar kowa, kowa kuma da gaskiyarsa. Sai dai wanda ya gaji gona ya gaji ƙayar da ke cikinta. Mutanen Rafin Kuka sun aiko da tambaya guda: wa ya ce a buɗe? Littafinmu ya ce majalisa. Majalisa ba ta da fuskar da za a duba, ba ta da ƙafar zuwa ta'aziyya. Saboda haka mai so ya zauna yanzu, a kan wannan kujerar, ba wata ba. Jibi Juma'a, in an sauko daga masallaci, zai tsaya gabansu ya faɗi sunansa ya ce: ina wurin, aka tambaya, na yi shiru. Bismillah."

Wani ɗigo ya sauko daga hannun kujerar. Kowa ya ji faɗuwarsa.

Alhaji Ɗankane ya gyara hula. "Ranka ya daɗe, in aka bi ta zumunci, Hajiya ta fi kusa. Ɗan yankinsu ne."

"Yanzu ka tuna inda aka haife shi, Alhaji? Ai ku kuka ba shi ƙuri'a. Ba na cin hakkin maƙwabci."

"Na yafe miki."

"Ni ma na yafe maka."

Barmo ya ce, "Malam Nalado, rubuta. Da sunayensu. An miƙa wa Hajiya Tasalla ta ƙi, an miƙa wa Alhaji Ɗankane ya ƙi." Ya dube su. "Wanda ya ƙi da bakinsa ba ya fita ya ce an hana shi. Mai son janyewa ga ƙofa nan, sai dai da la'asar za a karanta wa majalisar dokoki wannan shafin."

Suka koma suka zauna.

Sai Barmo ya miƙe. Shi ya yi tambayar ran da aka buɗe madatsar, ya kuma san tun kafin ya yi ta irin amsar da yake so. Ya zagayo tebur, ya zauna a kujerar Malam Jatau. Sanyin ya ratsa babbar riga, ya kama ƙashin bayansa, ya hau har wuya. Bai tashi ba.

Ya ce, "Ni zan riƙe ma'aikatar, ni zan je Rafin Kuka. Kuma daga yau ba shiru a ɗakin nan. Mai amincewa ya ɗaga hannu a rubuta sunansa. Mu fara da wannan."

Hannuwa suka tashi, wasu da sauri, wasu kamar an ɗaura musu dutse. Gwamnati ta tsira. Daga nan ne masu hikima ke cewa shirun mai iko sa hannu ne, ko da ba a ga tawada ba.

Malam Nalado ya ƙirga. Ya cire tabarau ya goge, ya sake ƙirgawa. Barmo ya ga idon tsohon ya tsaya a kan kafaɗarsa, ɗan sama kaɗan, inda sanyin ya fi yawa.

"Ranka ya daɗe, ku goma sha ɗaya ne," in ji shi a hankali. "Hannu na goma sha biyun, sunan wa zan rubuta?"