Takalma Arba'in a Akwatin Ƙarfe

An yi wani mutum a unguwar Nima, cikin birnin Akra, a shekarun da aka fito daga yunwar nan ta tamanin da uku. Ba zan faɗi sunansa ba, ya 'yan uwa, domin yana da dangi a raye, kuma ba tonon asiri ya tara mu ba. Baduku ne, da hannu yake ɗinka takalman fata. In ya gama takalmi, sai ka juya shi sau uku kana neman inda zare ya fara. Yana salla, yana azumi, ba ya sha, ba ya caca. To, me ya kai shi ƙasa? Zato.

Mutumin nan bai taɓa yarda an yi masa abu don Allah ba. In ka gaishe shi da fara'a, ya ce akwai abin da kake nema. In ka wuce ba ka gaishe shi ba, ya ce an kai maka sukarsa. In ka yaba aikinsa, sai ya ja tsumma ya rufe, ya bi ka da ido har ka sha kwana. Shi a wurinsa wannan ba ciwo ba ne, wayo ne. Yakan ce Akra ba garin barci da ido biyu a rufe ba ne.

Allah ya ba shi mace ta kirki, Salimatu, haifaffiyar Nima. Ita ke kitsa siraran igiyoyin fata da ake ɗorawa a kan takalmin, shi kuma ya yanka, ya rina, ya haɗa. A bakin lungunsu akwai wani tsohon baduku, ana ce masa Baba Gajere, wanda ya zo daga ƙasar Nijar tun kafin a haifi mutumin namu. Shi ya ba shi basillarsa ta farko lokacin da ya fara sana'a. Amma mai zato ba ya tuna alheri, sai dai ya tambayi kansa me aka so a samu da shi.

Wata shekara, azumi ya faɗo cikin tsakiyar damina. Ana saura 'yan kwanaki a kama, sai Hajiya Zelia, magajiyar wata ƙungiyar mata ta unguwar Maamobi, ta zo har gida. Matan sun yanke atamfa iri ɗaya ta Salla, suna kuma son takalmi iri ɗaya, mutum arba'in, ja da kore, mai buɗaɗɗen sama yadda lalle zai fito. Ta ce kada ya kawo sai ranar jajibere, don ta san halin matanta, wata za ta sa nata tun kafin Salla. Da za ta tafi ta yi dariya ta ce, "Maigida, yayin namu ne fa. Kar mu fito Idi mu tarar rabin Nima ya sa irinshi."

Wasa ta yi. Shi kuwa ya ɗauki maganar ya ajiye a inda zatonsa ke kwana.

Aiki ya kankama. Ya jiƙa karan dafi da kanwa ya rina jar fata, ya shafe ta da man gyaɗa. Salimatu ta zauna a tabarma tana kitso, hannunta kamar ba na mai azumi ba. Kafin sha biyu ga wata an gama arba'in ɗin cif. Ta ɗaura igiya a ƙarƙashin rumfar tsakar gida ta rataye su, yadda kowane baduku a Akra ke yi. Domin iskar bakin teku ba irin ta arewa ba ce. Fatar da aka rina aka shafa mata mai, ko ta bushe a ido, cikinta da sauran danshi, sai ta sha iska kwana da kwanaki.

Rannan da hantsi Baba Gajere ya shigo gaisuwa. Ya ga takalma jere, ya ciro ɗaya, ya matsa da babban yatsa, ya kai hanci ya sansana.

Ya ce, "Aiki ya yi kyau, ɗana. Amma kada ka yi gaggawar tattara su. Fata tana numfashi. Bar su a igiya har jajibere, in rana ta leƙo ka fitar da su."

Mutumin ya ce, "To, Baba." Bakinsa ke nan. Zuciyarsa kuwa cewa take: a bar su a fili ko? Don kullum ka shigo gaisuwa kana ƙirga kitson? Don me ya juya takalmin? Don me ya daɗe yana kallon igiyar? Wa ya ma gaya masa an gama?

Ya 'yan uwa, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Amma a kunnen mai zato, duk nasiha sauke mu raba ce.

Tsohon na fita, mutumin ya tsinke igiyar. Ya tafi kasuwa ya sayo ledoji. Ya sa kowane takalmi a ledarsa ya ƙulle bakin tam, ya jera su a babban akwatin ƙarfe, ya danna murfi, ya sa kwaɗo. Bai tsaya nan ba. Ya ɗauko jar igiyar fata ya naɗe akwatin, ya yi mata wani ƙulli da shi kaɗai ya iya, don in an taɓa ya gane. Makullin kuma ya rataya a wuya, cikin riga.

Salimatu ta ce, "Maigida, leda kuma? Da ruwan nan? Fatan bai bushe ba fa."

Ya dube ta, ya daɗe yana dubanta. Ya ce, "Ke ma abin da ya ce shi kika ce."

Daga ranar ya sa mata ido. In ta je famfo, ya auna daɗewarta. In ta tsaya gaisawa da wata, ya tambaya me aka ce. Ya ƙirga guntayen igiyoyin da suka rage a kwando, ya sake ƙirgawa, ya ga kamar ɗaya ta ɓace. Anya? Bai tabbata ba. Amma zato ba ya jiran tabbaci.

Kun san al'adarmu a Zongo, unguwanninmu na Musulmi. In magariba ta gabato a watan azumi, kwano yakan fita daga wannan gida zuwa wancan. Shekara da shekaru Salimatu na kai wa Baba Gajere abin shan ruwa, don matarsa ta rasu, ba mai dafa masa. Mijin ya san da haka, bai taɓa hanawa ba. Amma ran ashirin ga wata, da ya ga ta ɗauki kwano da murfi ta nufi bakin lungu, sai Shaiɗan ya raɗa masa: ga inda igiyar ke bi.

Ya bi ta a baya. Lungu cike da mutane, ana shimfiɗa tabarmi, ana jiran ladan. Ta durƙusa za ta miƙa wa tsohon, sai ya fizge kwanon, ya cire murfi a gaban kowa. Masa ce da ƙosai. Ya sa yatsa ya tona, ya farfasa masar ɗaya bayan ɗaya yana neman igiya. Babu. Ya kife kwanon ya duba ƙasansa. Babu.

Baba Gajere ya sunkuya yana tsince ƙosan da ya zube, yana hure masa ƙasa.

Kuna tsammani kunya ta kama shi? Ina! Cewa ya yi a ransa, sun ga zuwana, sun ɓoye.

Washegari da safe Salimatu ta ɗaure kayanta. Ba ta yi hayaniya ba. Ta ce za ta gidan yayanta Mutala a unguwar Kawukudi. A bakin ƙofa ta juyo, ido ya cika da hawaye, ta ce, "Ka mai da ni ɓarauniya a gaban mutanen da suka ga haihuwana. Na bar ka da Allah. Amma hannuna na cikin aikin nan, ina jin tausayinshi. Don Allah buɗe akwatin, ko na yini ɗaya."

Ya ce a ransa: ka ji ko? Tana tafiya ma, akwatin ne a bakinta. Sai ya ƙara tura shi can ƙuryar ɗaki, jikin bangon da ruwa ke tsatsa, ya lulluɓe shi da buhu.

Ruwa ya yi ta zuba. Kwata ta cika ta batse, tufafi ba sa bushewa, gishiri ya narke a gwangwani. Bayan kwanaki wani wari ya fara tashi a ɗakin. Hancin baduku ya san warin nan sarai. Amma in ya yarda da hancinsa, ya yarda da Gajere ke nan, ya yarda da Salimatu, ya yarda cewa masar da ya farfasa masa ce kawai. Wannan ya fi ƙarfinsa. Sai ya ce turaren asiri aka yi masa don ya buɗe. Ya sayo nasa turaren ya banka a ɗakin.

Ranar jajibere ta zo. Ya ɗora akwatin a kura aka tura har Maamobi. Gidan Hajiya Zelia cike da mata, ƙafafu sun sha lalle, ana guga, ana kitso, ana suya. Suka yi masa caa, kowa na son ta fara gani.

Ya ɗaga hannu ya ce su dakata. Ya nuna musu jar igiyar da ƙullinta. Ya ce, "Hajiya, ki shaida. Da hannuna na ƙulla wannan, kwana goma sha takwas ke nan. Ga shi yadda na bar shi. Ga makulli a wuyana. Tun ranar, ba hannun ɗan Adam da ya taɓa, ba idon da ya gani." Yana faɗa yana taƙama, don a ganinsa ranar sakamako ce ta zo.

Ya kwance, ya buɗe. Warin ya fara fitowa, na gaba suka ja baya suna toshe hanci. Ledojin sun yi gumi daga ciki. Fumfuna fara da toka-toka ta rufe takalman kamar gashi. Jan ya zuba cikin koren, ya koma wani launi marar suna. Hajiya Zelia ta yaga leda ɗaya, ta ɗago takalmi ta igiyarsa, igiyar ta tsinke ta bar mata guntu a hannu. Ta gwada na biyu, ta gwada na uku. Cikin arba'in ba a sami guda na sawa ba.

Mutumin ya dafe kai ya yi ihu, "An yi mini! Wallahi an yi mini! Gajere ne da matata!"

Hajiya Zelia ta dube shi. Ta ce, "Ei, maigida. Ba yanzun nan ka sa mu shaida ba? Ka ce ba wanda ya taɓa sai kai. To, mun shaida."

Ya tattara ledojin ya mayar cikin akwati.

Matan suka fito Idi da tsofaffin takalmansu, wasu da silifa. Mata arba'in, baki arba'in. Kafin a sauko daga Idi, labarin ya zaga Maamobi da Nima, kafin a cinye tuwon Salla ya kai har Zongo Lane, can cikin gari. Da labarin akwatin kaɗai ne, da an yi dariya an manta, don kowane mai sana'a yakan yi ɓarna. Amma tare yake tafiya da labarin masa. Wa zai kai aiki wurin wanda zai tuhume shi kafin ya zauna? Babbar Salla ta zo, ko tsinkakken takalmi ba a kawo masa gyara ba. Salimatu ba ta dawo ba. Ta aiko da cewa talauci ba ya korarta, amma ba za ta iya komawa lungun nan a matsayin matar da aka tona wa kwano ba.

Duk da haka Allah bai rufe masa ƙofa ba. Wata rana Baba Gajere, da sandarsa, ya taka har ɗakinsa da jar fata guda biyu a hammata. Ya yi sallama ya ce, "Ɗana, abin da ya wuce ya wuce. Ga wannan, ka sake farawa. In ka so ka zo rumfata mu zauna tare, idona ya fara rauni."

Ya 'yan uwa, me ya rage masa da za a sata? Ba mata, ba suna, ba aiki. Amma ya tsaya a bakin ƙofa ya tare hanya, ya dubi fatar, ya dubi tsohon, ya ce, "Baba, faɗi gaskiya. Me ka zo gani?"

Tsohon ya juya da fatarsa. Bai sake zuwa ba. Mutumin ya ƙare a kasuwar Abossey Okai yana dakon ƙarafan mota, hannun da ke ɗinka fata ya koma baƙi da tsatsa. Waɗanda suka san shi sun ce har ya tsufa yana neman wanda ya yi masa.

To, ku duba. Mutumin nan bai ci dukiyar kowa ba, bai yi ha'inci a sana'a ba. Zunubinsa a zuciya ya zauna, ba ya hayaniya, har ana iya ce masa taka-tsantsan. Allah ya hana mu yawan zato, ya gaya mana wani sashensa zunubi ne. Ba don a zauna sakaka ba. Kulle ƙofarka, ɗaure akuyarka. Amma ranar da ka wayi gari ba ka iya jin nasiha sai ka nemi ƙugiya a cikinta, ranar da matarka ta shekara goma ta zama abar bincike, ka sani ɓarawon da kake tsoro ya riga ya shiga, kuma kai ke riƙe masa makulli.

Salla na tafe. Kowa na da kayan da yake tattali, mai ɗinki da mai rini da mai suya. Kafin ka ƙara kwaɗo, tambayi kanka: wa na zarga a banza cikin watan nan? Wa ya gaya mini gaskiya na ƙi ji don ba na son bakin da ta fito? Je ka same shi tun yana zuwa ƙofarka, don Gajere sau ɗaya ya dawo.

Ya Allah, ka wanke mana zukata daga mummunan zato. Ka ba mu kunnen jin nasiha, ka hana mu kunyata wanda ya kawo mana alheri. Allah ya kiyaye mu da abin da ke cin mutum daga ciki yana tsammanin tsaro ne. Amin.