Gugan Injiniya a Busasshiyar Rijiya

Godiya ta tabbata ga Allah wanda yake ɓoye zaɓaɓɓun bayinsa a cikin unguwanni, muna wuce su muna gaishe su kamar kowa, tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ni kafinta ne, hannuna ya fi sanin zarto a kan alƙalami, amma 'yan'uwana ɗaliban Shaihinmu sun matsa mini in rubuta abin da idona ya gani, tunda a danginmu abin ya faru.

Shaihinmu, malaminmu, masanin Allah, ma'abocin zuhudu da tsentseni, Allah ya yarda da shi ya haskaka makwancinsa, kogi ne a fiƙihu da tafsiri da hadisi, har manyan malamai sukan zo daga nesa su durƙusa gabansa da mas'alar da ta gagare su, ya warware ta da murya ƙasa-ƙasa kamar yana ba da haƙuri. Tsawon shekarun da na yi ina ɗaukar karatu a zaurensa ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ban taɓa ganin ya kunyata mai tambaya ba, kuma idan bai san abu ba yakan ce bai sani ba, a gaban kowa. Ni na gyara masa kantar littattafansa da ta karye don nauyi, na roƙe shi in yi masa sabuwa ya ƙi, ya ce tsohuwar ba ta yi masa laifin komai ba.

Ina da ɗan yaya, maraya, wanda yayata ta rena da keken ɗinki bayan rasuwar mahaifinsa. Tun ranar da ya samu gurbin karatu a jami'a, inda ya karanci harkar ruwan ƙarƙashin ƙasa, unguwa ta laƙaba masa Injiniya, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane. Ya gama da sakamako mai kyau, ya tafi hidimar ƙasa wani gari mai nisa, ya dawo da kakinsa da takalmansa da takardar shaida, muka tarbe shi kamar wanda ya riga ya kama aiki. Daga nan ya shiga neman aiki ba ji ba gani, ya tura takardu ta waya, ya kai wasu da ƙafa, ya goge riga ya je ganawa ya dawo, shiru kake ji.

Daga ƙofar gidansu zuwa bakin titi akwai mai shago da mai faci da mai aski, dukkansu masoyansa ne, kuma babu wanda zai wuce bai ɗago kai ya ce masa, "Injiniya, an dace?" ba. Shi kuma ya yi murmushi ya ce ana dai jira. A gida ma haka, a masallaci haka, a wurin biki haka. Da watanni suka yi nisa sai ya koma bin lungun baya, daga baya sai da tsakar rana lokacin da kowa ya shige inuwa, daga ƙarshe ya daina fita gaba ɗaya. Ya saki labule, ya kife waya, kakin nan yana rataye a ƙusa yana shan ƙura, shi kuma yana kwance yana kallon silin, ba wanka ba aski. Yayata takan ajiye masa kwanon abinci a kan wata 'yar kujera a bakin ƙofarsa, in an jima ta zo ta ɗaga murfi ta tarar da shi yadda ta zuba, ta mayar ta rufe. Ranar da ta ji ya ce ta bayan ƙofa, "Umma, da babu ni ai da kin huta," ranar ta garzayo shagona.

Maƙwabta suka ce sammu ne, wasu suka ce iska. Ni kuwa, da yake Allah bai yi ni da dogon haƙuri ba, na ce lalaci ne, a bar ni in ɓalle ƙofar, tunda ni na kafa ta na san inda take da rauni. Yayata ta ce in rufa mata asiri in je wurin Malam in karɓo rubutu. Bayan an tashi daga karatu na matsa kusa na zayyana masa komai, yana saurare idonsa a ƙasa, sannan ya ce, "In kun gan shi, me kuke ce masa?"

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, tambayarsa muke ko an dace."

"Kowa da kowa?"

"Kowa da kowa."

Sai ya ce, "Ku daina. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka ce na roƙe su, gaisuwa kawai. Kuma ku kai shi wurin likita, wannan ciwo ne kamar kowane ciwo, addu'a da magani ba sa faɗa da juna." Rubutu kuwa bai ba ni ba. Ya ɗauki sandarsa, shi da ba ya fita sai masallaci ko jana'iza, ya ce in yi masa jagora zuwa gidan.

Da muka isa ya sauke kwanon abincin da hannunsa mai albarka, ya zauna a kan 'yar kujerar nan, ya yi sallama a ƙofar da take rufe, ya ce, "Ɗana, ban zo tambayarka komai ba. Ƙarfina ya ƙare, ina da rijiya ba ni da mai ja mini guga. Ka taimake ni da hantsi." Bai jira amsa ba ya tashi muka tafi. Ni dai a hanya kaina ya ɗaure, domin rijiyar gidan Malam ta ƙafe tun da daɗewa, an rufe ta da langalanga kaji suna hutawa a kai, ruwan gidan ma saye ake yi.

Washegari sai ga Injiniya, ya rame, gashi ya cukurkuɗe, kunyar ƙin tsoho ce kawai ta fito da shi. Ya janye langalangar, ya leƙa, ya jefa tsakuwa, muka ji ta faɗi a busasshiyar ƙasa. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, rijiyar nan ta mutu. Ruwan wannan yanki ya yi ƙasa sosai, abin da na karanta ke nan, ko an ƙara haƙa ta ba lallai a samu ba."

Malam ya ce, "Ka fi ni sanin wannan. Kai dai ka zura, ka jawo, ka rataye. Abin da ya fito a ciki ba aikinka ba ne."

Haka aka fara. Kullum da hantsi zai zo ya zura guga har igiya ta ƙare, ya jawo shi wayam, ya rataye a ƙusar jikin bango, Malam kuma daga inda yake zaune ya ce, "Allah ya yi albarka, ka gama aikin yau." Ko sau ɗaya ban ga ya ɗaga ido ya duba cikin gugan ba. Wasu ɗalibai sukan sunkuyar da kai suna danne dariya, ni kuwa kunya ta ishe ni, ɗan yayata mai digiri yana ɗibar iska a gaban jama'a. Amma kafin ya zo sai ya wanke fuska, sai ya sa riga, sai ya bi ta titin nan da ya guje wa. Mutanen titi sun riƙe roƙon Malam da ƙyar, mai aski ya kusa cizon harshensa ranar farko, ya ce, "Injiniya, an... an tashi lafiya?" Likita ya ba shi magani yana kuma zama da shi suna magana. Ya fara tsayawa a gefen zaure yana jin karatu, igiya ta tsinke ya ƙulla ta, bakin rijiyar da ya zube ya gyara shi da siminti ba wanda ya sa shi. Sai dai magana ba ta dawo ba, kwanon nan kuma cokali biyu ne ko uku ya ture.

Ana cikin haka wani kamfani ya kira shi ganawa, ya tsallake matakin farko da na biyu, har yayata ta fara gyara masa wuyan riguna. Sai saƙo ya zo cewa an ɗauki wani. Da safe ya share ɗakinsa tas, ya ninke kakin nan, ya ba ƙanwarsa wayarsa ya ce ta riƙe, ya durƙusa ya gaida mahaifiyarsa gaisuwa mai tsawo ya fita. Uwa ba ta bukatar a yi mata bayani. Ta kira ni tana cewa, "Ka bi shi, don Allah ka bi shi, wannan fitar ba ta yi mini ba." Na jefar da guduma na bi bayansa, na gode Allah da na ga ya karya kwana ya shiga gidan Malam.

Na tarar da shi durƙushe yana cewa, "Malam, sallama na zo yi. Daga yau ba zan ƙara zuwa ba. Na gaji, a yafe mini."

Shaihinmu, Allah ya tsarkake sirrinsa, bai tambaye shi ina za shi ba, kuma na tabbata ya sani. Ya ce, "Na ji. Amma ba ka ja na yau ba."

"Babu komai a ciki, Malam. Babu komai a ko'ina."

"Ja na yau, ɗana."

A karon farko Malam ya miƙe ya taka zuwa bakin rijiyar, ya dafa gefenta, leɓɓansa suna motsi, ba mu ji abin da yake faɗa ba. Lokacin tsakiyar rani ne, an daɗe rabon da a ga hadari, ƙasa duk ta tsattsage. Injiniya ya saki igiya kamar mai son a rabu lafiya, tana tafiya tana tafiya, sai muka ji tsulum daga can ƙasa. Duk wanda yake zauren ya ji. Ya tsaya cak, ya ja, igiya ta miƙe ta yi nauyi, har na matsa in taya shi, Malam ya ɗaga mini yatsa na koma. Guga ya fito cike fal yana zuba a kan ƙafafunsa, ruwa garai-garai mai sanyi. Ɗalibai suka ɗauki kabbara, shi kuwa ya zube a ƙasa ya fashe da kuka mai sauti, irin kukan da tun dawowarsa bai yi ba, Malam kuma bai hana shi ba.

Da ya lafa, Malam ya sa kofi ya ɗiba, ya yi bisimilla ya kurɓa, ya miƙa masa ya ce, "Da jiya ka tambaye ni, da ni ma na ce maka babu. Ni da kai ba mu san gobe ba, kada ka yanke mata hukunci." Sannan ya jawo ni gefe ya ce a hankali, "A koma wurin likita yau, kuma kada a bar shi shi kaɗai kwanakin nan." Ya koma mazauninsa ya buɗe littafi daga inda aka tsaya.

Ba zan yi wa Shaihina ƙarya ba, shi da ya tsani ƙari a magana: aiki bai zo a wannan wata ba, bai zo a wannan shekara ba. Injiniya ya shiga rijiyar da kansa ya auna ya sake aunawa, ya ce iliminsa bai kai nan ba, ga rijiyoyin maƙwabta kuma suna nan a bushe, ta Malam kuwa har yau ana sha. Yanzu shi da wasu abokansa na hidimar ƙasa suna gyaran famfo da yasar rijiyoyi, kullum da hantsi yakan tura takardar neman aiki guda, ya ajiye waya ya ce ya rataye guga. Akwai ranakun da nauyin yake dawo masa, sai dai yanzu yakan faɗa, kuma na sha ganinsa zaune a ƙofar wani abokinsa da ya kulle kansa, ba ya tambayarsa komai.

Mutane in sun zo ziyara rijiyar suke leƙawa. Ni abin da ba ya barin zuciyata shi ne la'asar ɗin wannan rana, ina shago ina fere katako, sai ga yayata ta shigo da sauri, mayafi a karkace, takalmi wari da wari, rungume da kwanon nan. Ta ɗaga murfi ta nuna mini. Babu ko loma a ciki. Ta ce, "Ya cinye, har ya ce ko da saura." Muka tsaya ni da ita a cikin ƙurar katako muna kuka kamar yara.

Wannan kaɗan ne daga abin da Allah ya gudanar a hannun bawansa, fitilar zamaninsa, mai tausayin raunana, wanda bai taɓa jingina wa kansa komai ba. Ya Allah ka ƙara masa yarda, ka ɗaukaka darajarsa, ka shayar da shi daga tafkin Annabinka kamar yadda ya shayar da ɗanmu. Ka ba mu albarkacinsa, mu da 'ya'yanmu da suka gama karatu suke zaune a bayan ƙofofi, ka aiko musu da mai zama a bakin ƙofa, ka ba su ƙarfin jan na yau. Amin.