Jiƙon Maɗaci a Kaskon Hawainiya

Dalilin da ya sa hawainiya ba ta shan ruwan da aka ajiye mata a kasko, ko da ƙishirwa za ta kashe ta, tsohon labari ne. Ku gyara zama, yara, in ba ku shi.

A da can hawainiya tana shan ruwa kamar kowa, tafiyarta kuma garau, babu wannan rangajin. Tana zaune a kan zogalen gidan wata mai daddawa, sunanta Tasalla. Kun san daddawa da ƙudaje. In an yi shanya hawainiya ce ke kama su, Tasalla kuwa kullum safiya sai ta ajiye mata ruwa mai sanyi a gindin zogalen. Sun shaƙu har hawainiya take ce mata Inna.

Ana nan sai 'yar Tasalla ta haihu a wani gari mai nisa, dole ta je ta yi mata wankan jego. Ta bar wa mijinta Nomau amanar hawainiya. Ta ja kunnensa ya bar ta a kan bishiyarta ta sha rana, shi dai ya riƙa canja mata ruwa.

Nomau mai kiwon kaji ne, kuma a wurinsa duk abin kiwo kaza ne. Ranar da ya hangi shirwa tana shawagi, sai ya cafko hawainiya ya kife ta da kwando a ɗakin ajiya, inda rana ba ta leƙawa, ya watsa mata tsaki. Ta gaya masa ita ƙwari take ci. Ta roƙe shi ya fitar da ita ko hantsi ta sha. Ya ce haka yake yi wa kajinsa, kuma babu wadda ta taɓa yi masa gardama.

Kwanaki suka ja. Ƙafafunta suka yi laushi suka lanƙwashe, idanunta suka zurma. Da Nomau ya ga haka, sai ya yi mata maganin da yake yi wa kaza in ta fara gyangyaɗi. Ya jiƙa sassaƙen maɗaci, ya daka barkono ya zuba, ya juye a kaskonta bai ce mata komai ba. Ga duhu, ga ƙishirwa, ta kafa kai ta kwankwaɗa. Maƙogwaronta ya ɗauki wuta. Koren jikinta ya rikiɗe ya koma baƙi ƙirin don tsananin fushi. Daga nan ba ta ƙara kallon kaskon ba.

A haka Tasalla ta dawo ta same ta, sai ɗan numfashi.

"Malam, amanar da na ba ka ke nan?"

Nomau ya ce ai ba don shi ba, da tuni shirwa ta ɗauke ta.

Tasalla ta ce, "Da shirwar ce, da sau ɗaya za ta sha wahala. Kai kullum kake kashe ta."

Ta tallabo ta, ta ɗora a reshen zogale inda rana ke bugawa, ta ɗebo ruwan randa a sabon kasko ta miƙa mata. Hawainiya ta kau da kai.

"Inna, ba da ke nake fushi ba. Amma wancan ma ruwa na ɗauka. Na riga na rantse ba zan ƙara sa baki a mazubin ɗan Adam ba."

Lokacin rani ne, babu ko alamar hadari. Tasalla ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta ce mata taurin kai zai kai ta kabari. Hawainiya dai idonta sai ƙara lumshewa yake yi.

Nomau yana tsaye bayan zogalen. Ya yi gyaran murya ya ce, a ganinsa barkonon ne bai ji ba, bari ya ƙaro.

Ran Tasalla ya gama ɓaci. Ba ta san lokacin da ta sheƙa masa ruwan kaskon ba. Nomau ya sunkuya, ruwan ya sauka a kan ganyen zogale, ya shiga ɗiga. Ɗigo ɗaya ya tsaya a bakin ganye daidai hancin hawainiya, yana ƙyalli. Ta dube shi. Wannan ba a mazubi yake ba. Ta lashe, ta matsa ta lashi na gaba. Kafin la'asar kore ya fara dawo mata, sai dai ƙafafun ba su ƙara miƙewa daidai ba.

Tasalla ta danƙa wa Nomau ƙwarya ta ce daga yau yayyafin zogale aikinsa ne, safe da yamma, kuma kada hannunsa ya kuskura ya kai reshen.

Shi ya sa har yau hawainiya ba ta shan ruwa sai raɓa ko yayyafin da ke kan ganye, kuma mai son ya ajiye ta sai ya bar ta a reshe da ranarta. In kun kama ta za ta yi baƙi, tsohon fushin ne ya motsa. In kuma kun ga ido ɗaya yana gaba, ɗaya yana waige, Nomau take dubawa, ko yana tafe da kwando.