Marmarar da Ta Yi Muryar Fa

Akwai wani mutum, injiniya, maginin gadoji. A ƙasar duwatsu aka haife shi, a can ya yi karatu, a can kuma ya yi suna. Yana da wata sandar ƙarfe da ba ya rabuwa da ita. In aka kai shi inda za a kafa harsashi, sai ya sa a share ƙasar sama, ya daki wurin da sandar, ya karkata kai ya saurara. In wurin ya amsa da ƙara, sai ya ce, "Fa ne, ku zuba kankare." In ya amsa ƙasa-ƙasa, ya ce a ƙara tono. Har furfura ta fito masa kunnen nan bai taɓa yi masa ƙarya ba, gadarsa ko ɗaya ba ta taɓa faɗuwa ba.

Ana nan sai aka aike shi wata ƙasa ta fadama, inda wani babban kogi ya raba ƙauyuka da asibiti da kasuwa. Kowace damina sai kwalekwale ya kife da mutane. Mata da dama sun haihu a bakin ruwa suna jiran fito. Dagacin wurin ya raka shi har gaɓa. Aka share yashi, sai ga wani abu baƙi-baƙi mai tauri kamar ƙarfe. Ya ɗaga sandarsa ya daka. Ƙarar ta tafi har tsallake. Ya ce, "Fa ne." Mata suka rangaɗa guɗa.

Kafin a fara zuba kankare, aka kira shi taron bita a birni, inda ake tara injiniyoyin gada, da na harsashi, da masu huda dutse su fitar da hanya ta cikinsa, a ƙara musu sani. Ya ce wa matarsa, "Bita? Bita ai ta 'yan makaranta ce da jarrabawa ta ƙarato musu. Ni da gemun nan zan koma benci?"

Ta ce, "Maigida, gemu ba ya hana ilimi. Ni da nake tuƙa tuwo tun ban kai tsayin muciya ba, in aka kawo mini garin da ban sani ba, sai na tambayi mai shi. Kai ka tambayi ƙasar mutanen nan?"

Ya ce, "Sandata ta tambaye ta."

Ta ce, "To, ka je. In ba ka samo komai ba, ka ci shinkafarsu ka dawo."

Ya tafi yana gunaguni, ya zauna can baya.

Mai koyarwar wani tsoho ne, ya girme shi nesa ba kusa ba, wanda ya taɓa huda tsauni har mota ta bi ta ciki. Ya fara da cewa, "Bara ni ma a bencin nan na zauna, wata yarinya sa'ar jikata tana koya mini." Sa'an nan ya fitar da su tsakar gida, ya nuna musu wani baƙin dandaɓe a ƙasa, ya ce, "Wa zai faɗa mana abin da ke nan?"

Mutumin nan ya ga abin da ya iya ya zo. Ya kutsa gaba, ya daka sandarsa, ya karkata kai. Ya ce, "Malam, fa ne. Ko bene ka ɗora masa ba zai motsa ba."

Tsohon ya sa aka kawo ƙarafa aka banƙare dandaɓen. Kaurinsa bai wuce kamu biyu ba. Ƙarƙashinsa rami ne cike da yashi da ruwa.

Tsohon ya ce, "Injiniya, kunnenka bai yi ƙarya ba, tauri gare ta. Amma marmara ce, ɓawo ne kawai. A ƙasarku dutsen da ka gani a sama shi ne har ƙasa. A fadama ba haka ba ne. Sandarka fuska take tambaya, ba ta tambayar ciki."

Ya kai su ɗaki, ya shimfiɗa musu ƙasar da aka zaro da dogon bututu daga gindin wata gada da ta rushe, hawa-hawa kamar yadda take kwance a can. Ga marmara a sama. Ga laka. Ga farin yashi da ƙananan tsakuwoyi sumul-sumul, irin waɗanda ruwa kaɗai ke gogewa haka, har da ƙwanson ƙumba a ciki. Tsohon ya ce, "Wannan wani kogi ne da ya bi nan tun ba a haifi kakannin kakanninmu ba. Ƙasa ta rufe shi, amma har gobe yana tafiya."

Mutumin ya ɗauki ƙumbar ya riƙe a tafin hannu. Kogi a ƙarƙashin kogi! Duk rayuwarsa yana taka ƙasa yana ba ta umarni, ashe bai san abin da yake takawa ba. Ya tuna ƙarar da ya ji a gaɓa, ya tuna guɗar mata. Bai tsaya cin shinkafar ba a ranar. Kashegari shi ne a bencin gaba, da tambaya a bakinsa, har aka tashi taron.

Da ya koma, ya tsai da aiki. Dagaci ya zo ransa a ɓace, ya ce, "Injiniya, da bakinka ka ce fa ne. Yanzu wata daminar ma a kwalekwale za mu yi ta?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, kunnena ne ya ce. Bari mu ji ta bakin ƙasa."

Aka kawo injin haƙa, irin na rijiyar burtsatse. Injin ya yi ta gurzar marmara, mutane suna tsaye suna tsaki. Can sai bututu ya zurma kamar an soka tsinke a kunu, ruwa da farin yashi suka yi tsiri sama. Dagaci ya dafe baki. Aka ci gaba da haƙa, ana ƙara bututu bisa bututu, har mutane suka ce ƙasar nan ba ta da gindi. Daga bisani injin ya yi gurnani ya tsaya. An kai ga fa na gaskiya. A kansa aka kafa ginshiƙan gadar.

Bayan 'yan shekaru aka yi wata ambaliya da tsofaffi suka ce ba su taɓa ganin irinta ba. Ruwa ya cinye gaɓa, ya farfasa marmarar nan kamar ƙanzo, ya tafi da ita. Mutanen ƙauyuka suka gudo da yara da awaki, suka bi ta kan gadar zuwa tudu. Da ruwa ya janye, sai ga ginshiƙai tsirara, ba ko ƙasa a jikinsu, sun nutse can inda ido ba ya kai. Mutumin ya zo ya leƙa, ya cire hularsa.

Ma'anar wannan misali ita ce: maginin nan ku ne, ku da kuka daɗe a ikilisiya. Da ku nake, ba da yara ba. Sandar ƙarfe ita ce ɗan sanin da kuka samu tuntuni, kuka riƙe shi kuna dukan kowace magana da shi. Ba ƙarya ba ne, ya yi muku aiki a zamaninsa. Amma Allah yakan kai mutum ƙasar da bai taɓa takawa ba: ciwo, ko takaba, ko ɗan da ya dawo daga makaranta da tambayar da ba ka da amsarta. A nan sandar ba ta isa.

Marmara ita ce sabo. Ka haddace waƙoƙi, kana da bencinka, ana ce maka dattijo. In an ƙwanƙwasa ka, ƙara kake yi. To, kaurinka nawa? Me ke kwance a ƙarƙashi?

Bita kuwa ita ce zaman nazarin Maganar Allah da ake yi tsakiyar mako, wanda in an yi shelarsa sai ku dubi rufin coci kamar da maƙwabta ake. Wani ya ce, "Tun kafin a haifi faston nan nake karatu." Madalla. Tsohon da ya huda tsauni ma ya zauna gaban sa'ar jikarsa, bai ragu da komai ba. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. In ƙasar da muke takawa kullum tana ɓoye kogi a cikinta, balle Maganar Wanda ya shimfiɗa ƙasar, ya kuma san inda ya ajiye kowace ƙumba? Wa ya taɓa kai gindinta da zai ce ya gama?

Ku kuma 'ya'yanmu injiniyoyi, kada ku ce misali ne kawai. In an kira ku bita, ku je, ku zauna a gaba. Mu ne za mu hau gadojinku.

Fa na gaskiya shi ne Ubangiji Yesu, ba a kuwa kai gare shi da ƙwanƙwasawa daga sama, sai da tono. Kada ka ce wannan tsakaninka ne da Allah. Kai gada ne. Matarka tana kanka, 'ya'yanka da jikokinka suna kanka, da waɗanda suka shigo coci domin sun ga ka shiga. Ran da ruwa ya zo, ba kai kaɗai za ka faɗa ba.